Yadda ake sarrafa fuskar ƙarfen taitaniyam domin ya kama ƙashin ɗan Adam

Duk wanda ya taɓa ganin ƙusar dashen haƙori kafin likita ya sanya ta a muƙamuƙi zai lura cewa ba ta ƙyalli. Tsawonta kimanin milimita 10 ne, launinta toka-toka, kamar dai an manta ba a goge ta ba. Haka ma ƙarfen da ake cusawa cikin ƙashin cinya idan an sauya wa mutum gaɓar kwatangwalo: sashen da zai zauna cikin ƙashi kaushi gare shi, tamkar dutsen niƙan da aka koɗa. Da gangan ake yin wannan kaushi, kuma masana'antu na kashe maƙudan kuɗi a kansa, domin yana daga cikin abubuwan da ke yanke hukunci ko ƙarfen zai zauna daram shekaru ashirin, ko kuwa zai fara girgiɗi cikin 'yan watanni har a sake kwantar da majinyaci a ɗakin tiyata.

Batun ya shafi 'yan Najeriya kai tsaye. Asibitocin ƙashi na ƙasa da ke Igbobi a Legas da Enugu da Dala a Kano, da asibitocin koyarwa da dama, suna aikin sauya gaɓar kwatangwalo, kuma dashen haƙori na ƙara yaɗuwa a manyan birane. Galibin ƙarafan daga ƙasashen waje ake shigo da su, kuɗinsu ba kaɗan ba ne, kuma iyalai da yawa sau ɗaya tak za su iya biya.

Daga ƙafar zomo aka faro

A shekarar 1952, wani matashin mai bincike ɗan ƙasar Suwidin mai suna Per-Ingvar Brånemark yana nazarin yadda jini ke gudana a cikin ɓargo a Jami'ar Lund. Ya dasa wata 'yar na'urar leƙe da aka ƙera da taitaniyam a ƙashin ƙafar zomaye. Da binciken ya ƙare, ya zo cire na'urar domin ya sake amfani da ita, sai ta ƙi fita. Ƙashin ya riga ya manne mata ƙam, babu ko siririn tantani a tsakaninsu. Wasu masu bincike a Amurka sun ga alamar haka tun a 1940, amma Brånemark ne ya bi sawun lamarin har ƙarshensa. Ya laƙaba masa suna daga kalmomin Latin biyu, wanda a Hausa za a iya cewa sajewar ƙarfe da ƙashi. A 1965, a birnin Gothenburg, ya dasa wa wani mutum mai lalurar muƙamuƙi ƙusoshi huɗu na taitaniyam, ya ɗora masa haƙora a kansu. Mutumin ya rayu da su fiye da shekaru arba'in, har ya rasu a 2006 suna aiki.

Likitocin haƙori sun daɗe ba su gaskata shi ba, kuma suna da hujja. Abin da aka sani a lokacin shi ne, duk baƙon abin da ya shiga jiki, jiki kan naɗe shi da tantani mai kama da naman tabo, ya killace shi. Ƙarfen da aka naɗe haka yana iya zama na ɗan lokaci, amma da an ɗora masa nauyi sai ya riƙa motsi, motsin kuma ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Sai a taron da aka yi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1982, inda aka baje sakamakon majinyatan Gothenburg na shekaru goma sha biyar, duniya ta sallama.

Sirrin taitaniyam yana cikin fatarsa. Da zarar an yanke ƙarfen ya haɗu da iska, cikin ƙiftawar ido sai iskar oksijin ta haɗu da fuskarsa, ta samar da wata fata da kaurinta bai wuce 'yan nanomita ba, wato kashi kaɗan cikin miliyan na milimita ɗaya. Wannan ma nau'in tsatsa ce, sai dai ta sha bamban da tsatsar baƙin ƙarfe wadda ke ɓarewa tana cin jikinsa. Ta taitaniyam tana manne masa, ba ta narkewa a ruwan jiki, kuma idan aka karce ta nan take take sake tsirowa. Saboda haka jini da ƙashi ba sa haɗuwa da ainihin ƙarfen sam. Da wannan fata suke hulɗa. Duk wata dabarar sarrafa fuskar dashe, idan aka bi ta a hankali, ƙoƙari ne na sauya siffar wannan fata, ko kaurinta, ko sinadaran da ke kanta, ko tsabtarta.

Abin da ke faruwa a kwanakin farko

Likita ya huda ƙashi, ya murɗa ƙusa ta shiga. A wannan rana abin da ke riƙe da ita matsi ne kawai, irin yadda katako ke riƙe sukuru. Jini ya cika ratar da ke tsakanin ƙarfe da ƙashi, kuma cikin daƙiƙoƙi furotin ɗin da ke cikin jini ya sauka ya lulluɓe fuskar ƙarfen. Sai jinin ya daskare, ya saƙa wata raga ta zaruruwa da ake kira faibirin. A kan wannan raga ƙwayoyin gina ƙashi ke tattaki daga bangon ramin zuwa ga ƙarfen.

A nan kaushi ke nuna amfaninsa. Yayin da ƙwayoyin ke tafiya suna jan zaruruwan, kuma gudan jinin kansa yana tsukewa. Idan fuskar ƙarfen sumul take, ragar sai ta saɓule ta ja baya, ƙwayoyin su rasa gadar da za su haye. Sabon ƙashi zai tsiro, amma daga bangon ramin kaɗai, yana matsowa sannu a hankali. Idan kuwa fuskar na da ƙananan ramuka da tudu, zaruruwan sai su maƙale, ƙwayoyin su isa har kan ƙarfen su fara gini a kansa. Sai ginin ya zama daga ɓangare biyu, ana haɗuwa a tsakiya. Masanin Jami'ar Toronto, John Davies, shi ne ya yi fice wajen bayyana wannan bambanci a ƙarshen shekarun 1990. Duk maginin da ya taɓa yaɓa siminti a bango mai santsi ya ga yaɓen ya zubo, ya san dalilin da ya sa ake farfasa fuskar bangon tukuna.

Akwai kuma wani lokaci mai hatsari da majinyata ba su cika sani ba. Ƙashin da ya matse ƙusar a ranar farko ya ji rauni wajen huda, don haka jiki zai aiko ƙwayoyin rushe ƙashi su cinye shi kafin a maye gurbinsa da sabo. Kenan riƙon farko yana raguwa alhali riƙo na biyu bai gama ƙarfi ba. A dashen haƙori, wannan rauni kan fi tsanani tsakanin mako na biyu zuwa na huɗu. Idan ƙarfen ya riƙa motsi a wannan tsakani fiye da kimanin maikiromita 150, wato kaurin silin gashi biyu, to maimakon ƙashi tantani ne zai tsiro, kuma aikin ya lalace. Babban abin da masu sarrafa fuskar ƙarfe ke nema shi ne su gajarta wannan lokaci.

Ƙusoshin Brånemark na farko injin sassaƙa kawai suka bi, ba su da wani kaushi sai 'yan layukan da bakin injin ya bari. Sun yi aiki, amma da sharaɗin haƙuri: wata uku a muƙamuƙin ƙasa, wata shida a na sama, an rufe su da dasashi ba a taɓa su. Rahoton Gothenburg na 1981 ya nuna kashi 91 cikin 100 na ƙusoshin muƙamuƙin ƙasa sun zauna, amma a na sama, inda ƙashi ya fi taushi, kashi 81 ne. Wani bincike na 1991 a Amurka ya gano cewa a ƙashi mafi taushi, kashi 35 cikin 100 na irin waɗannan ƙusoshi sun faɗi. Wannan giɓi ne ya tura masana neman mafita a fuskar ƙarfen.

Tsakuwa, asid da wuta

Hanya mafi daɗewa ita ce feshi da wuta. Ana tura garin taitaniyam cikin harshen wutar filasma mai zafin da ya haura digiri 10,000, garin ya narke a iska, ya faɗa kan ƙarfen ya daskare ɗigo bisa ɗigo. André Schroeder na Jami'ar Bern a ƙasar Suwizalan ya yi aiki da irin wannan fuska a shekarun 1970, kuma shi ma ya tabbatar da cewa ƙashi na manne mata kai tsaye. Kaushinta mai yawa ne ƙwarai. A baki an daina yayinta, saboda idan dasashi ya ja baya ta fito fili datti na taruwa a kanta, amma a ƙarafan kwatangwalo, waɗanda ke binne can cikin ƙashi, har yau ana amfani da ita.

Hanyar da ta fi yaɗuwa a dashen haƙori a yau ragi take yi maimakon ƙari. Da farko ana harbin ƙarfen da ƙananan tsakuwoyi masu tauri na sinadarin alumina, masu girman rubu'i zuwa rabin milimita, da iska mai ƙarfi. Wannan na barin manyan kwarurruka. Daga nan a tsoma shi cikin haɗin asid biyu masu zafi, haidirokulorik da salfiyurik, su ci fuskar su bar ƙananan ramuka na maikiromita ɗaya zuwa uku a cikin kwarurrukan. Sakamakon shi ne kaushi hawa biyu, babba domin ƙashi ya sami wurin kamawa, ƙarami domin zaruruwan jini da ƙwayoyin halitta.

Daniel Buser da abokan aikinsa a Bern sun gwada fuskoki iri shida a ƙashin ƙafar ƙananan aladu, suka wallafa sakamakon a 1991. Sun auna yawan fuskar ƙarfen da ƙashi ya taɓa kai tsaye. Fuska mai santsi ta samu kashi 20 zuwa 25 cikin 100. Wadda aka fesa wa garin taitaniyam ta samu 30 zuwa 40. Wadda aka harba da manyan tsakuwoyi aka kuma jiƙa a asid ta kai 50 zuwa 60. Kamfanin Straumann ya fito da wannan fuska kasuwa a ƙarshen shekarun 1990 da sunan SLA, kuma lokacin jira ya sauko zuwa mako shida zuwa takwas. Da aka bibiyi ƙusoshi 511 masu irin wannan fuska a Bern tsawon shekaru goma, an tarar kashi 98.8 cikin 100 suna nan.

Harbin tsakuwa na da nasa aibi. Ɓurɓushin alumina kan nutse a jikin ƙarfen, kuma asid ba kullum yake fitar da shi duka ba. Shi ya sa wasu masana'antu ke harbi da garin fatar taitaniyam ɗin kanta, wasu kuma da garin kalsiyam fosfet wanda ke narkewa a wanke shi.

Hanya ta uku da lantarki ake yin ta. Ana tsoma ƙarfen cikin ruwan sinadari a haɗa shi da wuta mai ƙarfi, sai fatar nan ta 'yan nanomita ta kumbura ta ninka kaurinta sau ɗaruruwa zuwa dubbai, tartsatsin wuta kuma ya huda ta ya bar ramuka kamar bakin tukwane. Sinadarin fosfaras da ke cikin ruwan yana shiga cikin fatar. Kamfanin Nobel Biocare, magajin aikin Brånemark, ya fito da irin wannan a shekarar 2000 da sunan TiUnite. Idan wutar ba ta da ƙarfi sosai, fatar kan sauya launi kawai, kuma wannan ne dalilin da ya sa ake ganin sukurorin tiyatar ƙashi shuɗi da kore da ruwan zinariya ba tare da an shafa musu fenti ba. Launin na taimaka wa ma'aikatan tiyata su bambance girma.

To, wane kaushi ne ya fi? Masanan Suwidin biyu, Ann Wennerberg da Tomas Albrektsson, sun kasa fuskoki gida huɗu bisa matsakaicin tsayin tudu da kwari: mai santsi ƙasa da rabin maikiromita, mai ɗan kaushi daga rabi zuwa ɗaya, matsakaiciya daga ɗaya zuwa biyu, sai mai kaushi sosai sama da biyu. Bincikensu ya nuna ƙashi ya fi amsa wa matsakaiciya. Galibin ƙusoshin haƙori na yau a wannan aji suke.

Shafa wa ƙarfe abin da ƙashi ya sani

Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin ƙashi ma'adini ne na kalsiyam da fosfet da ake kira haidiroksi'afatait. Sai masana suka ce, me zai hana a lulluɓe ƙarfen da shi, ƙashi ya ɗauka ɗan'uwansa ne? A shekarun 1980, Klaas de Groot da Rudolph Geesink a ƙasar Holan suka inganta hanyar fesa shi da wutar filasma, kuma a 1985 likitan ƙashi na Ingila Ronald Furlong ya dasa ƙarfen kwatangwalo mai wannan lulluɓi. A gwajin Buser na aladu ma wannan fuska ce ta zo ta ɗaya, da kashi 60 zuwa 70, sai dai an ga alamun lulluɓin na zaizayewa.

Nan ne matsalarsa take. Lulluɓin na kama ƙashi da ƙarfi fiye da yadda yake kama ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, kuma idan ya yi kauri yana iya tsagewa ya ɓare. A baki, inda ƙwayoyin cuta ke da yawa, lulluɓi mai kauri na farko-farko ya ba da kunya, aka ja da baya. A kwatangwalo kuwa ya yi nasara. Akwai nau'o'in da aka fara dasawa tun tsakiyar shekarun 1980 waɗanda har yau suke cikin waɗanda likitoci suka fi amincewa da su.

A Japan, Tadashi Kokubo na Jami'ar Kyoto ya ɓullo da wata dabara a tsakiyar shekarun 1990 wadda ba ta buƙatar lulluɓi. Ana jiƙa ƙarfen cikin ruwan soda mai ƙarfi, irin wadda ake sabulu da ita, a zafin digiri 60 na kwana ɗaya, sannan a gasa shi a digiri 600 na awa ɗaya. Fatar da ke fitowa, idan ta shiga jiki, da kanta take janyo kalsiyam da fosfet daga ruwan jiki ta gina ma'adinin ƙashi a kanta. An amince da ƙarfen kwatangwalo mai wannan fuska a Japan a 2007.

Ƙarfe ma yana tsufa a cikin kwalinsa

Sabuwar fuskar taitaniyam tana son ruwa: a ɗiga mata ɗigo, sai ya baje ya jiƙa ta. Amma idan ta zauna a iska na 'yan makonni, ƙananan sinadarai masu dangantaka da mai da ke yawo a iska sai su sauka a kanta, ko da tana cikin kwalin da aka rufe. Sai ɗigon ruwa ya riƙa dunƙulewa a kanta kamar a ganyen gwaza. Fuskar da ruwa ba ya jiƙawa, jini ma ba ya shiga ƙananan ramukanta da sauri.

An bi hanyoyi biyu wajen magance wannan. Ta farko ita ce a hana iska taɓa ƙarfen tun daga masana'anta: bayan asid, a wanke shi a ƙarƙashin iskar naitirojin, a rufe shi cikin kwalbar ruwan gishiri har ranar tiyata. Straumann ya fito da wannan a 2005, yana mai cewa lokacin jira na iya saukowa zuwa mako uku zuwa huɗu. Ta biyu, wadda Takahiro Ogawa na Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles ya yi ta bincike a kai, ita ce a haska ƙarfen da hasken altirabayolet dab da dasawa, hasken ya ƙone dattin ya dawo da son ruwan. Gwaje-gwajen dabbobi sun nuna saurin kamawa a makonnin farko. Ko hakan na sauya makomar dashe bayan shekaru goma ga mai cikakkiyar lafiya, wannan shi ne abin da masana ke ci gaba da muhawara a kai.

Wanda yake ganin zancen tsabtar fuska ƙaramin abu ne, ya dubi abin da ya faru a Amurka. A watan Disamba na 2000, kamfanin Sulzer Orthopedics ya janye wani nau'in ƙoƙon kwatangwalo daga kasuwa, bayan an gano cewa ragowar man injin sassaƙa ya saura a fuskar da ya kamata ƙashi ya kama. Ido ba ya ganin man, amma ƙashi ya ƙi mannewa. Dubban mutane aka sake yi wa tiyata, kuma a 2002 aka sasanta ƙararrakin a kan kimanin dalar Amurka biliyan ɗaya.

Kaushin da ƙashi ke so, ƙwayoyin cuta ma suna so

A 1987, likitan ƙashi Anthony Gristina ya bayyana dashe a matsayin fagen tsere tsakanin ƙwayoyin jiki da bakteriya. Wanda ya riga isa fuskar ƙarfen shi ke mallakar ta. Idan bakteriya suka riga, sai su gina wa kansu wata yauƙin kariya wadda maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya ratsawa da sauƙi, kuma sau da yawa ba a rabuwa da ciwon sai an cire ƙarfen.

A dashen haƙori abin ya fi wuya, domin ƙusar na ratsa dasashi ta fito cikin baki. Idan kumburi ya kama dasashin ya gangara, ƙashin da ke kewaye da ƙusar sai ya riƙa zaizayewa, fuska mai kaushi ta fito fili, kuma wanke ta ya fi wanke mai santsi wuya nesa ba kusa ba. Wani nazari na 2015 da ya tattara bincike da dama ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 22 cikin 100 na masu dashen haƙori na samun wannan ciwo. Nazarin ƙungiyar Cochrane na 2014 ya gano cewa tsofaffin ƙusoshi masu santsi sun ɗan fi tsira daga gare shi, ko da yake sun fi saurin faɗuwa a farko. Nazarin ya kuma ce bai ga hujjar cewa wani nau'in dashe ya fi sauran daɗewa ba. Wannan jimla ta ƙarshe ta cancanci a riƙe ta duk lokacin da ake karanta tallan masana'anta, domin kowace na da sunan da ta raɗa wa fuskarta da hoton da ke nuna fifikonta. Abin da shaida ta fi tabbatarwa shi ne, fuskokin zamani sun rage faɗuwar farko, sun gajarta jira, kuma sun fi taimakon masu ƙashi mai taushi. Tsakanin manyan nau'o'in da aka daɗe ana bibiya kuwa, bambancin bai kai yadda ake kururutawa ba.

Saboda wannan ja-in-ja ne ƙusa ɗaya kan zo da fuska biyu: kaushi a sashen da ke cikin ƙashi, santsi a wuyan da ke taɓa dasashi. Ana kuma gwada sanya sinadarai masu kashe bakteriya, kamar azurfa a kan manyan ƙarafan da ake sa wa masu ciwon dajin ƙashi a Turai, da aidin wanda likitocin Jami'ar Kanazawa a Japan suka gwada a jikin majinyata. A wani ɓangaren ma akasin kaushi ake nema. Farantin ƙarfe da sukurorin da ake ɗaure karaya da su, musamman a yara, galibi ana son a cire su bayan ƙashi ya warke, don haka idan ƙashi ya manne musu wahala ce ga likita. Masu bincike a Davos ta Suwizalan sun nuna cewa goge su sumul na sauƙaƙa cirewa.

Kwatangwalo, da masu sikila

Gaɓar kwatangwalo ta zamani, wadda John Charnley ya kafa a Ingila a farkon shekarun 1960, da wani simintin roba ake manna ta. Har yau ana amfani da shi, kuma yana aiki sosai ga tsofaffi. Ga matasa kuwa likitoci da yawa sun fi son ƙarfen da ƙashi zai kama da kansa. A nan ba ƙananan ramuka kaɗai ake so ba, har da ƙofofi masu faɗin kimanin maikiromita 100 zuwa 400, waɗanda ƙashi da jijiyoyin jininsa za su shiga ciki su yi rassa. A da ana samar da su ta hanyar gasa ƙananan duwatsun ƙarfe ko zaren waya a jikin dashen. Tun daga 2007 aka fara sayar da ƙoƙon kwatangwalo da ake ginawa hawa-hawa daga garin taitaniyam da na'urar ɗab'i, ƙofofin kuma a jikinsa suke tun asali, kamar soso.

Wannan na rage wata matsala ta daban. Taitaniyam ya fi ƙashi tauri aƙalla sau huɗu zuwa biyar, duk da cewa taurinsa kusan rabin na baƙin ƙarfe ne. Idan ƙarfe ya ɗauke nauyin duka, ƙashin da ke gefensa sai ya rasa aiki ya riƙa sirancewa, kamar yadda Julius Wolff na Jamus ya bayyana tun 1892 cewa ƙashi na ginuwa ne daidai da nauyin da yake ɗauka. Ƙarfe mai ƙofofi ya fi lanƙwasuwa, don haka yana barin ƙashi ya ɗauki rabonsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu cutar sikila a Najeriya kowace shekara, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Ɗaya daga cikin illolin cutar shi ne toshewar jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, har ƙashin ya mutu ya rufta. Masu wannan lalura sukan buƙaci sauyin gaɓa suna da shekaru ashirin ko talatin, kenan ƙarfen zai yi aiki tsawon lokacin da ya ninka na tsoho. Ƙashinsu kan yi tauri a wani wuri ya yi taushi a wani, kuma sun fi saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta. Rahotannin likitoci na shekarun baya-bayan nan sun fi karkata ga ƙarfe marar siminti a gare su, wanda ke nufin nasarar aikin ta rataya sosai a kan yadda fuskar ƙarfen za ta kama ƙashin da tun farko ba shi da isasshen jini.

Duk da haka, fuska ɗaya ce daga cikin abubuwa shida da Albrektsson da abokansa suka lissafa tun 1981: irin ƙarfen, siffarsa, fuskarsa, lafiyar ƙashin, hannun likita, da nauyin da aka ɗora masa. An tabbatar a 1983 cewa idan zafin huda ya kai digiri 47 na minti ɗaya, ƙashin da ke gefen ramin na lalacewa, shi ya sa likita ke huda a hankali ana kwarara ruwan gishiri. Shan taba na rage jinin da ke isa wurin, ciwon sukarin da ba a shawo kansa ba na jinkirta warkewa, kuma babu fuskar da za ta gyara ƙashin da aka ƙona ko dashen da aka ɗora wa nauyi kafin lokaci.

A Najeriya, hukumar NAFDAC ce ke da alhakin rajistar kayan aikin likita da ake shigowa da su. Kowane dashe na gaskiya yana zuwa a rufe da takardar manne mai ɗauke da sunan masana'anta, nau'i, girma, lambar rukunin da aka ƙera shi a ciki, da ranar da wa'adin tsabtarsa ke ƙarewa. Majinyaci na da damar ya nemi a manna ɗaya a fayil ɗinsa a kuma ba shi kwafi ya adana. Da irin wannan lamba ake gano waɗanda abin ya shafa idan aka janye wani rukuni daga kasuwa, kuma da ita likitan da zai duba dashen bayan shekaru goma sha biyar, wataƙila a wani gari daban, zai san irin ƙarfen da ke jikin mutum da kayan aikin da za su dace da shi.